Wata 8 Muna Kai Ɗanmu Kilinikin Yara a Maradi: Abin da Ya Amfane Mu da Inda Aka Gaza

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan sharhi, domin magana ce da ta shafi ɗana, kuma a garinmu ba a saba fitar da zancen farfaɗiya waje ba, balle a haɗa shi da zancen zafin zuciyar yaro. Abin da ya sa na sake shawara shi ne yawan iyayen da suke tare ni, wasu a ƙofar masallaci, wasu a bakin lakwal ɗin da nake koyarwa, suna tambayata da murya ƙasa-ƙasa ko wurin da muke kai yaron ya cancanci kuɗin da ake biya. Wurin wani kilinik ne mai zaman kansa a cikin garin Maradi, wanda ya ware ranar Laraba domin yara masu farfaɗiya da waɗanda wata cuta ta taɓa musu ɗabi'a. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda zan faɗi laifinsa kamar yadda zan faɗi alherinsa, kuma ma'aikatansa mutane ne da muke haɗuwa da su a wurin ɗaurin aure da jana'iza.

A watan Satumba na 2020, damina ta yi nisa sauro ya cika gari, zazzaɓi ya kama yaron da la'asar, yana ɗan shekara 4, kafin asuba ya fara jijjiga ya fita hayyacinsa. Kwana 3 ya yi bai san wanda ke kansa ba. Likitoci suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa ƙwaƙwalwa. Allah ya tashi kafaɗunsa muka dawo gida da murna, kuma da yake tun 2006 hukuma ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a asibitocin gwamnati, ba mu ji nauyin waccan jinya kamar yadda muke jin na yanzu ba. Bayan kamar shekara guda, wata rana ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida ba tare da zazzaɓi ba, bayan sati 3 ya sake. A ƙaramin asibitin unguwa aka ɗora shi a kan maganin farfaɗiya mai suna fenobarbital, ƙwaya ɗaya kowane dare, faɗuwar da yake yi da rana kuwa ta yi sauƙi ƙwarai.

Abin da bai yi sauƙi ba shi ne zuciya. Yaron da a da ake masa kirari da sanyin hali ya koma wanda in an ce ya ajiye abu, ko an canza masa kwanon da ya saba ci a ciki, sai ya hau bori, ya yi jifa da duk abin da hannunsa ya kai, ya ciji ƙanwarsa, ya riƙa buga kansa da bango har sai an riƙe shi. Akwai ranar da ya fasa wa ɗan maƙwabcinmu goshi da dutse, na kwana ina ba da haƙuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan guguwar ta wuce, yakan zauna a gefe yana sharar hawaye yana cewa, "Baba, me na yi?" Ina faɗa da kunya cewa na yi amfani da bulala, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Mahaifiyata, wadda muke zaune gida ɗaya, takan ce mini, "Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi," tana ganin mun sangarta shi ne tun da ya tashi daga ciwo. An yi masa rubutu, an yi ruƙiyya, an turara masa hayaƙi, har wata gwaggona ta kawo shawarar a kai shi wurin ƴan bori tunda a ganinta iska ce. Addu'a har yau ba mu daina ba, amma shekara 3 muka yi a haka babu wanda ya taɓa tambayarmu ko fushin yana da lokacin da yake zuwa.

Mun fara zuwa kilinikin a watan Janairu na 2025. Kuɗin ganin likita karon farko jika 5 ne, wato sefa 5000, kowace komawa kuma jika 3, ban da gwaje-gwaje da magani. Zan fara da abin da ido yake fara gani, domin shi ne mafi rauni a wurin. Ana jira ne a ƙarƙashin wata rumfar kwano mai benci 4, ana raba lamba tun ƙarfe 7 na safe, likita kuma ba ya fara aiki sai wajen ƙarfe 9. Wanda ya tsara wannan bai yi la'akari da irin yaran da ya gayyato ba, domin yaron da ba ya iya jure jiran minti 10 a gida, an ajiye shi awa 3 cikin hayaniya da yunwa, kowa ya san abin da zai biyo baya. Ranar farko namu ya yi birgima a ƙasa yana ihu, mai gadin ƙofa ya dube mu ya ce, "Wannan ai rashin tarbiyya ne," a ƙofar wurin da aka buɗe domin a nuna wa mutane cewa ba haka ba ne. Na kai ƙorafi, an ba ni haƙuri, amma har yau tsarin lamba bai canza ba.

Da muka shiga ɗakin likita sai labari ya sha bamban. Mutum ne mai matsakaicin shekaru, ba ya gaggawar magana, kuma Hausarsa ta gida ce, ba irin ta wanda yake fassara Faransanci a ransa ba. Ya tambayi maiɗakina sunan yaron, ta sunkuyar da kai, nan take ya gane ɗan fari ne, ya yi murmushi ya ce, "Yi haƙuri Hajiya, Mushe zai faɗa mana," yana nufin ni, da yake Mushe ake kiran malamin lakwal. Wannan ƙaramin abu ya saki bakinta, ita da ba ta taɓa yi wa wani likita jimla 3 a jere ba. Minti 50 muka yi a ciki, na duba agogo. Bai fara da fushin ba. Ya fara da ciwon 2020: kwana nawa ya yi a sume, sau nawa ya yi jijjiga, yaushe ya soma magana bayan ya farfaɗo. Daga nan ya koma kan barci, wa yake kwana kusa da shi, ko yana fitsarin kwance, ko an taɓa ganin jini a matashinsa ko miki a gefen harshensa da safe. Maiɗakina ta ce fitsarin kwance kam yana yi jefi-jefi, kuma takan yi masa faɗa a kai. Ya tambayi inda muke sayen magani, na gaya masa gaskiya cewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya magunguna suka yi wuya, mun yi watanni muna saye a hannun masu tebur a kasuwa, kuma akwai kwanakin da bai sha ba sam. Bai yi mini faɗa ba, amma ya rubuta.

Bayaninsa shi ne abin da na fi daraja a duk kuɗin da na biya. Ya ce yaron da zazzaɓin sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa yana iya warkewa sarai a ido, amma daga baya farfaɗiya ta ɓullo, ko rashin natsuwa, ko saurin hasala, kuma an ga haka a binciken da aka yi a kan yara a Malawi da Kenya da Uganda. Ya ce fushin ɗanmu yana iya fitowa daga tushe 3 a lokaci guda: tabon da ciwon ya bari, farfaɗiyar da take zuwa cikin dare ba mu gani, da kuma shi kansa maganin, domin fenobarbital, duk da yana sa manya barci, an san yana sa wasu yara ƙiriniya da zafin rai. Na tambaye shi ko ke nan an cuce mu da aka ba mu shi tun farko. Ya ce a'a, magani ne da ake amfani da shi tun 1912, yana da araha, sau ɗaya ake sha a yini, ya ceci mutane masu yawa a ƙasashe irin namu, kuma ba kowane yaro yake yi wa haka ba. Kuskuren shi ne da aka bar yaro shekara 3 a kansa babu mai tambayar yadda halinsa ya koma. Daga baya na ga cewa jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadar wa ma'aikatan lafiya ita ma ta ce yaron da ke da farfaɗiya haɗe da matsalar ɗabi'a ko ta fahimta, a fifita masa balproat ko karbamazepin in ana samunsu.

Na zaci a ranar zai canza maganin. Bai canza ba, kuma na fito ina ɗan jin haushi, ga jika 5 ta tafi, ga mu da littafin rubutu irin na ƴan lakwal mai shafi 100 da ya ba mu. Ya ja layi a shafin farko da hannunsa ya raba shi gida-gida: kwanan wata, ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi, ya sha magani ko bai sha ba, shimfiɗa a jiƙe ko a bushe, fushi ya zo ko bai zo ba, me ya faru dab da zuwansa, minti nawa ya ɗauka. Ya ce mu cika shi sati 4 mu dawo, kuma wani babba ya riƙa kwana kusa da yaron. Ya kuma tura mu gwajin jini, har da na amosanin jini, domin a cewarsa yaron da ƙashi ke masa ciwo bai san yadda zai faɗa ba, shi ma da faɗa yake nunawa. Ya duba kunnensa da haƙoransa saboda wannan dalili.

Ruwa ba ya tsami banza. A sati na 2 na farka wajen ƙarfe 3 na dare na ga yaron ya sandare, hannunsa na dama yana karkarwa, bakinsa yana motsi kamar mai tauna, bai kai minti 2 ba ya saki ya ci gaba da barci, shimfiɗa kuma ta jiƙe. Washegari ita ce ranar da ya watsar da tukunyar koko. Kafin wata ya cika mun ga irin wannan dare sau 4, kuma duk ranakun da suka biyo bayansu suna cikin mafi muni a littafin. Wato shekaru muna dukan yaro a kan fitsarin kwance da taurin kai, alhali ya kwana yana fama da ciwon da shi kansa bai san ya yi ba, ya tashi da ciwon kai da jiki a mace, aka kuma tura shi makarantar allo da asuba. Ranar da na fahimci haka ban iya cin tuwon dare ba. Littafin ya ci gaba da tona mana abubuwa: da azumi ya kama a watan Maris, gida yana tashi sahur ana buga kwanuka, barcinsa ya riƙa yankewa, fushi ya ƙaru, da zafin Afrilu ya zo, duk daren da aka ɗauke wuta ya kasa barci, gobe sai mun shirya. Babu wata na'ura a cikin wannan aiki, littafin dala 40 ne da biro, amma kafin wannan likita babu wanda ya ce mu yi shi.

A zuwa na 2 ne ya fara sauya maganin zuwa balproat, bayan ya ga sakamakon gwajin hanta da na jini. Ya yi ta nanata cewa fenobarbital ba a yanke shi rana ɗaya, domin yin haka yana iya tayar da jijjiga mai tsanani da ba ta tsayawa, don haka ya zana mana jadawalin ragewa kaɗan-kaɗan wanda ya ɗauke mu fiye da wata 2. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya taɓa maganin ɗansa da kansa saboda abin da ya faru da namu. Ya gaya mana illolin sabon maganin tun kafin mu tambaya: yawan ci da ƙiba, zubar gashi, rawar hannu, kuma in muka ga amai mai yawa, ko kasala, ko ido ya yi rawaya, mu dawo a ranar. Na ji yana gaya wa wata uwa mai budurwar ɗiya cewa wannan magani yana cutar da ɗan tayi, don haka lissafin ƴan mata daban yake. Matsalar balproat a wurinmu kuɗi ce. Abin da nake kashewa a wata ya ninka na da fiye da sau 10, sau 2 ake sha a yini, kuma sau 2 na zo farmasin kilinikin aka ce ya ƙare, na zagaya gari a kan kabu-kabu da takardar magani a hannu. Wurin da yake gargaɗin kada a tsallake ko da ƙwaya ɗaya bai kamata a rasa maganin a kantarsa ba.

Rabin hidimar na biyu zama ne da iyaye, sau ɗaya a wata, wanda wata mata da ta karanci halayyar ɗan Adam take jagoranta, kowa yana ce mata Madam. Jika 2 ake biya. A nan ra'ayina ya rabu biyu. Zaman farko ya ba ni takaici, domin ta zo da shawarwari da aka ga alama daga littattafan wasu ƙasashe aka kwaso su: a ware wa yaro ɗakin hucewa, a manna takarda a bango ana liƙa masa taurari. Wata baiwar Allah da ta zo daga wajen Madarunfa ta ce, "Madam, mu 9 ne a ɗaki 2, wane ɗakin zan ware masa?" aka yi dariya mai ɗaci. Yabon da zan yi wa Madam shi ne ba ta kare kanta ba. Ta ajiye takardunta ta ce kowa ya kwatanta mata gidansa, daga nan zaman ya fara amfani. Ɗakin hucewa a gidanmu ya koma tabarma a gindin bedin da ke bayan ɗakin girki, taurari kuma suka koma ƙwallon dabino da ake jefa masa a gwangwanin madara duk lokacin da ya yi abin kirki, in sun kai 10 ya raka ni kasuwa a bayan babur.

Abin da ta koya mana game da lokacin da fushin ya riga ya tashi ya saɓa wa duk yadda aka rene mu. Ta ce a wannan lokaci kunnen yaro a toshe yake, duk maganar da aka yi masa itace ake ƙara wa wuta, don haka a rage magana, a sassauta murya, a janye ƙanne, a kawar da wuƙa da turmi da ruwan zafi, a rufe rijiya, mutum ɗaya ya tsaya kusa da shi, sauran jama'ar gida su daina taruwa suna kallo kowa yana jefa tasa. Ba a riƙe shi sai in zai ji wa kansa ko wani rauni. Bayan ya huce ya sha ruwa, a nan ne ake magana, gajeriya, kuma a sa shi ya gyara abin da ya ɓata, ya kwashe abin da ya zubar, ya ba wanda ya ɓata wa haƙuri. Na tambaye ta ko wannan ba zai sa ya ɗauka ciwo lasisin ɓarna ba ne. Ta ce, "Mushe, ba mu ce a ɗauke masa doka ba, mun ce a canza lokacin da ake karanta masa ita." Ta kuma nuna mana cewa yawancin faɗan ana iya tare shi tun bai taso ba: a ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya maimakon a jero masa 3, a sanar da shi kafin a katse masa wasa, kada a bari yunwa ta kama shi, lokacin kwanciya kuma ya zama ɗaya ko da biki ake yi a unguwa. Daga cikin waɗannan, sanarwa kafin a katse wasa ita ce ta fi yi mana aiki nan da nan. Gwangwanin dabino ya yi wata 2 yana tasiri, daga baya ya gundure shi.

A zaman ne kuma aka gyara mana abin da muke yi in ya faɗi. A da cokali muke cusa masa a baki, kakarsa tana watsa masa ruwa, ana korar yara kada yawunsa ya taɓa su. An nuna mana a aikace cewa a kwantar da shi ta gefe, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, kada a sa komai a bakinsa, a duba agogo, in jijjiga ta wuce minti 5 ko ta dawo bai farfaɗo ba a garzaya asibiti, kuma farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. An hana shi zama shi kaɗai kusa da murhu, da hawan itace, da bin yara wanka a Gulbi ko tafki da damina, wanda shi ne hanin da ya fi yi masa zafi. Madam ta karanta mana alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa babu faɗuwa in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Na lura wannan lissafi ya fi kwantar wa iyaye hankali fiye da lallashi.

Babban giɓin wannan zama shi ne waɗanda ba sa zuwa. Cikin mutum 11 ni kaɗai ne namiji, saboda ana yinsa da hantsi ranar aiki, alhali a yawancin gidaje bulala a hannun uba take, hukunci kuma a bakin kaka. Uwa ta koyi haƙuri ta koma gidan da miji da suruka ba su ji ko kalma ɗaya ba, sai a ce ita ce take lalata yaro. Ni da kaina sai da na roƙi alfarma na zo da mahaifiyata a watan Afrilu. Likita ya tashi tsaye ya gaishe ta, ya ce, "Inna, maigidan naki ba shi da laifi, ke ma ba ki da laifi," sannan ya buɗe mata littafin yana karanta mata darare da ranaku. Ba ta ce komai ba a wurin, amma tun daga ranar ita take kwana kusa da shi, ita take tuna mana lokacin magani. Da kilinikin zai mayar da gayyatar uba da kaka ƙa'ida, ya sa zama ɗaya da yamma ko ranar Asabar, da amfanin ya ninka. Na faɗa musu haka sau 2. Haka ma batun makaranta: likita ya rubuta wa daraktan lakwal takarda da Faransanci, ta yi amfani, mushensa na aji CE1, wato shekara ta 3 a firamare, ya daina sa shi durƙuso ya dawo da shi bencin gaba, amma malamin allo ba takarda yake buƙata ba, sai da na je na zauna da shi da kaina muka mayar da karatun yaron yamma.

Sauran laifuffukan a taƙaice nake faɗarsu, amma ba ƙanana ba ne. Duk hidimar a kan mutum ɗaya ta rataya. A watan Mayu likita ya yi tafiya babu wanda ya sanar da mu, muka yi jiran awa 2, wani ma'aikaci ya karɓi jika 3 ya sake kwafe mana takardar magani bai ko buɗe littafin ba, kuma a daidai lokacin muna tsakiyar rage tsohon magani. Lambar wayar da aka buga a katin ganin likita, sau 5 na kira sau ɗaya aka ɗauka. Ba su da na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa, takardar da suka ba mu ta zuwa Yamai ce, tafiyar fiye da kilomita 600, ga kuɗin mota ga masauki. Likita dai ya yi adalci ya ce bayanin da muka kawo ya isa a fara magani, gwajin zai iya jira sai hutu. Kuma in an haɗa kuɗin gani da na zama da na magani da na gwajin jini, wannan ba hidimar da manomi daga Dakoro ko Gidan Rumji zai iya jurewa wata-wata ba ce. Iyaye 3 da muka fara tare sun daina zuwa, kuma ban ji an neme su ba.

Ga wanda ɗansa ya taɓa yin zazzaɓi mai suma, ko sanƙarau, ko ya bugu a kai, ko yake shan maganin farfaɗiya, sannan halinsa ya juye, ina ganin zuwa 2 na farko sun cancanci kuɗinsu ko da bashi za a ci, domin a cikinsu ne ake gano bakin zaren. A zo da duk kwalayen maganin da yaro ya taɓa sha, da tsohon karne, wato littafin asibiti, da mutumin da ya fi kwana kusa da shi, da abin karin kumallo da ruwa, kuma mutum ɗaya ya riga zuwa ya kama lamba, a kawo yaron sai layi ya matso. Wanda kuwa yake neman allura ɗaya da za ta kashe zuciyar yaro ya dawo gida da shi shiru, zai yi asarar kuɗinsa, domin likitan ya ƙi ba da maganin sa barci ko da iyaye sun roƙa, na ga ya ƙi a gabana.

A littafinmu, watan Janairu da muka fara yana da kwana 19 na babban fushi. Watan Agusta yana da 5, kuma rabonmu da ganin jijjigar dare tun tsakiyar Yuni. Yaron ya yi ƙiba har wandon sallarsa ya matse shi, karatu har yanzu yana ba shi wuya, kuma ƙanwarsa ba ta gama sakin jiki da shi ba. Ranar Litinin da ta wuce ya fasa randar ruwa saboda an hana shi fita cikin ruwan sama, ya yi minti 15 a gindin bedi, ya dawo da kansa ya tsince fasassun ya zuba a bola. Mun rubuta shi a shafi na 12 na littafi na 3, za mu kai wa likita ranar Laraba, in yana gari.